Shuɗin alƙalami da dala miliyan 3.8: ranar da Kalifoniya ta janye hannu daga masu bin kadin tsofaffi

Ranar 23 ga Satumba 2008 Gwamna Arnold Schwarzenegger ya sa hannu a kasafin kuɗin jihar Kalifoniya, bayan kwana 85 ana kai ruwa rana da majalisa. Shekarar kuɗin jihar tana kamawa ne ranar 1 ga Yuli, wato an ci kusan wata uku ana tafiya babu kasafi. Giɓin da ake neman cikewa ya haura dala biliyan 15, ga shi kwana takwas kafin nan bankin Lehman Brothers ya durƙushe, kowa a Amurka hankalinsa a tashe.

Tsarin mulkin jihar ya ba gwamna ikon ya bi kasafi layi-layi, ya rage ko ya soke abin da bai kwanta masa ba, ba sai ya mayar da kasafin gaba ɗaya ba. A Sakramento, fadar gwamnatin jihar, ana ce wa wannan iko shuɗin alƙalami. A ranar gwamnan ya soke kimanin dala miliyan 510. A ciki akwai wani ɗan layi na dala miliyan 3.8, wanda idan aka ɗora shi kusa da kasafin da ya haura dala biliyan 100 ko ganinsa ba a yi. Shi ne dukan abin da babban asusun jiha ke ba ofisoshin yankuna na masu bin kadin tsofaffin da ke zaune a gidajen jinya, kuma kusan rabin abin da ofisoshin ke rayuwa a kai ke nan.

Abin da ya ja hankalina ga wannan lamari shi ne, aikin nan dokar tarayya ce ta wajabta shi a kan kowace jiha, kuma dokar ta zo da sharuɗɗan kuɗi har kashi huɗu da aka rubuta musamman don kada jiha ta shaƙe shi. Duk da haka rabin kuɗin ya tafi a rana guda, ya kuma ɗauki shekara goma kafin ya dawo.

Wane ne mai bin kadi?

Turawa suna kiransa ombudsman, kalmar da aka aro daga Suwidin, inda majalisa ta kafa irin wannan ofis a 1809 don ya riƙa sauraron koken talaka a kan jami'an gwamnati. Mu ma abin ba baƙo ba ne: akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da aka kafa a Najeriya a 1975, kafin ita kuma fiƙihun mulki ya san walin mazalim. Na Amurka da muke magana a kai aikinsa ya taƙaita ga mutanen da ke zaune a gidajen jinya na dogon zama da gidajen kula da tsofaffi. Zan kira shi mai bin kadi, don aikin ke nan.

Asalinsa daga abin kunya ne. A 1970 gobara ta kashe sama da mutum 30 a wani gidan jinya a garin Marietta na jihar Ohayo, jaridu kuma suka yi ta tono yadda ake wulaƙanta tsofaffi da kuɗin gwamnati. A 1971 Shugaba Nixon ya sanar da shirin gyara, a 1972 aka fara gwajin ofisoshin bin kadi a jihohi biyar. Arthur Flemming, wanda ya riƙe hukumar tsofaffi ta tarayya a shekarun nan, shi ake ɗauka uban shirin. A 1978 aka gyara Dokar Tsofaffin Amurka ta 1965, aka ce dole kowace jiha ta kafa ofishin. A 1981 aka faɗaɗa shi ya haɗa da ƙananan gidajen kwana da abinci, a 1987 aka ba jami'ansa ikon shiga wurin mazauna tare da hana kowa tare musu hanya ko ramuwar gayya a kan wanda ya kai ƙara, a 1992 kuma aka buɗe masa babi na kansa a dokar, Babi na VII. Yau akwai ofisoshi 53: jihohi 50, da birnin Washinton, da Fotoriko, da tsibirin Guwam.

Mai bin kadi ba sufeto ba ne. Ba ya cin tara, ba ya rufe gida, ba ya ƙwace lasisi. Ƙafarsa da bakinsa da littafin doka su ne makamansa, sai kuma amanar da mazauna suka ba shi.

Ɗauki misali da irin ƙarar da ta fi kowace yawa a ƙasar shekara da shekaru, wato sallama ba bisa ƙa'ida ba. Tsohuwa ta karye a ƙugu, asibiti ya tura ta gidan jinya. Inshorar Medicare, ta gwamnatin tarayya don lafiyar tsofaffi, tana biya cikakke kwana 20, tana biyan wani kaso har zuwa kwana 100, daga nan ta tsame hannu. Abin da ya rage shi ne Medi-Cal, inshorar marasa ƙarfi ta jihar, wadda kuɗinta bai kai na farko ba. Sai wata safiya a ajiye mata takarda a kan teburin gefen gado, kusa da kofin ruwa, cewa nan da kwana 30 za ta bar gidan. Tabaronta ya ɓata tun makon jiya. Ɗanta yana wata jiha. Ba ta san cewa dokar tarayya ta ƙayyade dalilan sallama guda shida kawai ba, ba ta san tana da ikon ɗaukaka ƙara kuma ba za a fitar da ita ba kafin a yanke hukunci. Wanda zai faɗa mata shi ne mutumin nan mai katin shaida a wuya da ke leƙowa ɗaki-ɗaki ba tare da ya sanar da zuwansa ba, ya ja kujera ya zauna, ya fara da tambayar ko ta yi barci. Ba zai ɗauki mataki ba sai ta ce ta yarda. Idan ta yarda, ya nufi ofishin manaja da takardar a hannu, sau da yawa maganar takan mutu a nan.

Duk wannan ya rataya ne a kan zuwa. Akwai lambar waya a manne a bango, gaskiya ne, jihar ma tana da layin gaggawa dare da rana. Amma wanda ya ruɗe, ko wanda ke tsoron mai yi masa wanka gobe, ba ya ɗaga waya. Sai an zo an same shi.

Ta ina kuɗin ke shigowa

Hanya uku ce. Ta farko kuɗin Babi na VII, wanda majalisar tarayya ke warewa don wannan aiki kaɗai. Ana raba shi bisa yawan 'yan shekara 60 zuwa sama a kowace jiha, tare da sharaɗin kada wata jiha ta samu ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ba a neman jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Wanda ya saba jin labarin kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya, da ke kwance a Abuja don jihohi sun kasa kawo nasu rabin zai ce ai wannan sauƙi ne. Sauƙi ne, sai dai kuɗin ba shi da auki: a shekarun da muke magana bai kai dala miliyan 17 ba ga ƙasar baki ɗaya, ko a 2023 ma wajen miliyan 22 ne.

Ta biyu kuɗin Babi na III, sashen hidimomin tallafi. Wannan tukunya ce ta gayya. Daga cikinta ake biyan motar kai tsofaffi asibiti, da lauyoyin taimako, da cibiyoyin da suke haɗuwa, da masu taya su aikin gida. Dokar ta ce jiha ta ɗebi abin da ita ta ga ya isa a gudanar da shirin bin kadi mai inganci. Ita ke yanke abin da ya isa. A nan tarayya na biyan kashi 85 na hidima, sauran 15 ya fito daga jiha da yankuna.

Ta uku aljihun jiha da na gundumomi, da ɗan abin da ƙungiyoyin agaji ke tarawa. A ƙasar gaba ɗaya wannan hanya ta uku tana ɗauke da kusan rabin nauyin shirin, kuma ita ce dokar tarayya ta fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A Kalifoniya kuɗin yakan sauka a Ma'aikatar Tsofaffi, inda ofishin babban mai bin kadi na jiha yake, a lokacin Joseph Rodrigues ke riƙe da shi. Daga nan ya bi ta hukumomin tsofaffi na yankuna 33 zuwa ofisoshin bin kadi 35 da suka rufe gundumomi 58. Dokar jiha ta tsara rabon: a lokacin kowane ofis yana da tushe na dala 35,000, sauran kuma a raba rabi bisa yawan gidaje, kashi 40 bisa yawan gadaje, kashi 10 bisa faɗin ƙasa. Kada a raina wannan kashi 10. Gundumar San Bernardino kaɗai ta fi Kano da Jigawa a haɗe faɗi, yawancinta hamada, kuma gidan tsofaffi mai gado shida da ke can ƙarshen hanya shi ma yana cikin lissafi. Jihar tana da gidajen jinya kimanin 1,200 da gidajen kula da tsofaffi sama da 7,000.

Makullai huɗu, ƙofa a buɗe

Tun 1978 majalisar tarayya ta san jihohi za su so su yi wa shirin ƙwauro, don haka ta ce a kashe masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin hidimomin tallafi, ko dala 20,000, duk wanda ya fi yawa. Daga baya aka sauya salo, aka koma ɗaure jiha da abin da ta kashe a wata shekara ta baya. A 2008 shekarar da ake aunawa da ita ita ce 2000.

Makulli na farko yana sashe na 307 na Dokar Tsofaffin Amurka. Jiha za ta yi alkawarin ba za ta kashe wa shirin ƙasa da abin da ta kashe masa a shekarar awo ba daga kuɗin da ta karɓa a ƙarƙashin Babi na III, haka kuma daga na Babi na VII. Na biyu yana sashe na 306, shi ma irin wannan alkawari ne amma a kan hukumomin yankuna. Na uku yana sashe na 705: kuɗin Babi na VII ƙari ne, ba a yarda a sa shi ya maye gurbin kuɗin da ake kashewa da ma ba. Na huɗu yana sashe na 309: idan abin da jiha ta kashe daga aljihunta a hidimomin Babi na III ya gaza matsakaicin shekaru uku da suka gabata, za a rage mata kason tarayya daidai gwargwadon gazawar.

A takarda ka ce ko ƙuda ba zai wuce ba. Amma a sake karanta na farko a hankali. Kalmomin suna magana ne a kan kuɗin da aka karɓa a ƙarƙashin dokar. A ce wata jiha a 2000 ta kashe dala miliyan 2 daga Babi na III da miliyan 1 daga Babi na VII, sannan don ganin damarta ta ɗora miliyan 3 daga baitulmalinta. Shekara takwas bayan haka ta janye nata miliyan ukun. Lokacin cike takardar shaida ta shekara, jami'i zai duba: na Babi na III bai gaza miliyan 2 ba, na Babi na VII bai gaza miliyan 1 ba. Ya sa hannu, kuma bai yi ƙarya ba. Ofishin da ke da miliyan 6 jiya ya wayi gari da miliyan 3.

Makullin hana maye gurbi yana kama jihar da ta cire nata ta cusa na tarayya a ramin. Jihar da ta cire nata ta bar ramin a buɗe fa? Da wuya a ce ta maye gurbin wani abu, yankewa kawai ta yi. Na sashe na 309 kuwa a dunƙule yake awo. Abincin da ake kai wa tsofaffi gida, da sufuri, da tallafin masu jinyar iyayensu, da bin kadi, duk a mudu ɗaya ake zuba su. Jiha mai girman Kalifoniya tana iya zare miliyan 3.8 daga lungu ɗaya mudun bai nuna ba. Ko da ya nuna, hukuncin shi ne a rage kuɗin tarayya, wato a ƙara wa tsofaffin da aka cuta wani dukan. Ba kowane jami'in tarayya ne zai yi marmarin ɗaga wannan bulala ba.

Akwai kuma abin da babu shi sam a cikin huɗun: ko ɗaya bai ambaci yawan gadaje ba. A 1995 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta yi wa shirin bincike mai zurfi, ta ba da shawarar a samu ma'aikaci ɗaya mai cikakken albashi ga kowane gado 2,000. Kowa a fagen yana ambaton wannan adadi har gobe, amma bai taɓa shiga dokar tarayya ba. Sharaɗin da ke doka yana tambaya ne nawa ka kashe a wata shekara da ta wuce, ba ya tambayar mutum nawa ke kwance a gidajen yau.

Abin da ya biyo baya

Da yake an makara da kasafin, ofisoshin sun riga sun yi wata uku suna biyan albashi da haya da man mota bisa zaton kuɗin na tafe. Yankan ya shafi shekarar gaba ɗaya, don haka a cikin wata tara da suka rage aka nemi a cike ramin wata goma sha biyu. Aka sallami ma'aikata, aka rage wa wasu sa'o'i, ziyarar ba-zata ta ja baya, aka koma bin ƙarar da ta shigo ta waya, ita ma a zaɓi mafi muni.

Mai kallo daga nesa zai ce ai shirin na 'yan sa-kai ne, su ba albashi suke karɓa ba, me zai hana su ci gaba? Wannan shi ne kuskuren da masu kasafi ke yawan yi. Ɗan sa-kai a Kalifoniya sai ya yi horon sa'a 36 a aji, ya bi gogagge a baya na wani lokaci, an binciki tarihinsa, kafin a ba shi kati, kuma kowace shekara sai ya sabunta horo. Yawancinsu 'yan fansho ne, tsofaffin malamai da ma'aikatan jinya. Idan ya ci karo da ciwon kwanciya da ya ci har ƙashi, ko ɗan'uwa da ke wawure asusun tsoho, ma'aikaci mai albashi yake kira. Ka sallami wannan ma'aikaci, ka sallami duk 'yan sa-kan da ke ƙarƙashinsa ba tare da ka rubuta musu takarda ba.

Sannan Kalifoniya ta ɗora wa masu bin kadinta kayan da dokar tarayya ba ta ɗora musu ba. Dokar jiha ta mai da su wurin da ake kai rahoton cin zarafin tsofaffi a gidajen jinya, su karɓa su bincika. Ta kuma ce wasiyyar jinya da mazaunin gidan jinya ya rubuta, wadda ke faɗin wanda zai yanke masa shawara in ya kasa magana, ba ta inganta sai mai bin kadi ya shaida. Gwamna ya soke kuɗin, amma waɗannan dokoki suna nan daram. Jiha ta ci gaba da aiken, ta daina ba da kuɗin mota.

A Nuwamba 2009 ofishin sa ido na majalisar dattawan jihar ya fitar da rahoto da ya fito da wani ƙulli da ya daɗe a ɓoye. Dokar jiha ta ce mai bin kadi ya binciki cin zarafi. Dokar tarayya ta ce ba zai bayyana sunan mazauni ga kowa ba, har 'yan sanda, sai da yardarsa. Tsohon da ya ruɗe ba ya iya ba da yarda, wanda ke cikin hayyacinsa kuma sau da yawa tsoro ke hana shi. Sai rahotanni su taru a ofishin da ba shi da ikon kamawa, ba shi da izinin miƙawa, yanzu kuma ba shi da ma'aikata. Ni a ganina laifin ba na sirrin ba ne. Sirrin shi ne jarin aikin, ranar da mazauna suka gane cewa abin da suka raɗa wa mai bin kadi zai isa kunnen hukuma ba da saninsu ba, ranar za su yi shiru. Laifin na jihar da ta mayar da mai sauraron koke ɗan sandan ciki ne don ya fi araha. A 2012 aka yi dokar da ta ce rahoton dukan jiki a kai shi ga 'yan sanda kai tsaye tare da mai bin kadi, wata dokar kuma ta ƙarfafa 'yancin babban mai bin kadi na jiha ya yi magana a gaban majalisa ko da bakinsa bai zo ɗaya da na gwamna ba. Wannan ta biyun tana da nasaba da 2008: ofishin yana cikin ma'aikatar da ke ƙarƙashin gwamnan da ya soke kuɗin, ga shi kuma doka ta ce shi ne muryar mazauna.

Faci a kan faci

A 2009 ɗan majalisa Mike Feuer na Los Anjeles ya kawo ƙudurin da ya ɗebo dala miliyan 1.6, sau ɗaya tak, daga asusun tarar da tarayya ke cin gidajen jinya masu laifi. Schwarzenegger ɗin da ya soke kuɗin bara shi ya sa hannu. Dabarar tana da daɗin ji: kuɗin masu laifi ya biya masu sa musu ido. Sai dai a 2010 babban mai binciken kuɗi na jiha ya gano cewa ma'aikatar lafiya ta yi kuskuren lissafi, ta nuna asusun ya fi abin da ke cikinsa da kusan dala miliyan 10. Rijiyar da aka zura wa guga ashe ta kusa ƙafewa. Daga baya ma hukumar tarayya mai kula da Medicare da Medicaid, inshorar marasa ƙarfi da Kalifoniya ke kira Medi-Cal, ta fayyace cewa kuɗin tararta ba na biyan ainihin aikin bin kadi ba ne, kamar horar da jami'ai da binciken ƙararraki, tunda wannan aiki ne da doka ta riga ta wajabta a biya ta wata hanya.

Aka koma wasu asusun na musamman: dala miliyan 1.9 a shekara daga wani asusun ingancin gidajen jinya da aka kafa a 2010, da wani abu daga tarar da jiha ke ci da kanta. Ofisoshin suka rayu, amma rayuwar hannu baka hannu ƙwarya. Kuɗin da sai an sake roƙonsa kowace bazara ba a ɗaukar ma'aikaci na dindindin da shi, wanda aka ɗauka kuma da ya ga aiki mai tabbas sai ya kama gabansa da duk abin da ya koya.

Sai a 2015, zamanin Gwamna Jerry Brown, babban asusun jiha ya sake waiwayarsu da dala miliyan 1. A 2018 aka ƙara miliyan 2.3, aka ɗaga tushen kowane ofis daga dala 35,000 zuwa 100,000. A 2019, kasafin farko na Gwamna Gavin Newsom, aka ƙara miliyan 4.2 da niyyar a riƙa leƙa kowane gida sau ɗaya a wata uku. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da Washinton ta tilasta. Ƙungiyar ofisoshin yankunan da masu fafutukar tsofaffi ne suka yi ta sintiri a majalisa shekara bayan shekara, tattalin arzikin jihar kuma ya farfaɗo.

Me tarayya ta gyara?

Ta gyara wani abu. A Fabrairu 2015 aka fitar da cikakkun ƙa'idojin shirin a karon farko, suka fara aiki 1 ga Yuli 2016. A ciki an ce babban mai bin kadi na jiha shi ke yanke yadda za a kashe kuɗin ofishinsa, kuma sai ya amince da rabon da ake yi wa ofisoshin yankuna. Wannan ya rage wata tsohuwar ɗabi'a ta ma'aikatu, inda ake lissafa kuɗi da sunan bin kadi alhali mai ofishin bai taɓa ganin takardar ba. An kuma jaddada cewa dokar jiha ba za ta tilasta wa mai bin kadi ya tona sirrin mazauni ba. Amma ikon raba abin da ke cikin tukunya daban, ikon hana a kwashe tukunyar daban.

A 2016 wata ƙa'idar tarayya ta ce duk gidan jinyar da zai sallami mazauni sai ya aika wa mai bin kadi kwafin takardar. Gyara ne mai kyau, tsohuwar da muka yi misali da ita ba sai ta jira a leƙo ba. Takardu suka yi ta kwarara ofisoshi, ba a haɗo su da kuɗin wanda zai karanta ba.

Shekarar awo kuwa ta zauna a 2000 har shekara ashirin. Abin da dala 100 ke saya a 2000 sai da kusan dala 148 a 2019, wato jihar da ta tsaya cak a kan ƙaramin adadin da doka ta yarda ta rage wa shirin kusan sulusin ƙarfinsa tana mai cika sharaɗi. Ranar 25 ga Maris 2020 aka sa hannu a sabunta dokar, aka matsar da shekarar awo zuwa 2019. Kwana goma sha biyu kafin nan, ranar 13 ga Maris, tarayya ta rufe gidajen jinya ga baƙi saboda korona, masu bin kadi ma suka koma waya da leƙe ta taga. Majalisa ta ba shirin dala miliyan 20 na gaggawa a watan nan, fiye da kasonsa na shekara guda a Babi na VII, ta ƙara miliyan 10 a 2021. Duka kuɗin sau ɗaya ne, kuma da yake bayan 2019 suka zo, ba su shiga ma'aunin ba. 'Yan sa-kai, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne da cutar ta fi yi wa barazana, suka ragu daga kusan 6,000 a 2019 zuwa ƙasa da 4,000 a 2023, shekarar da ƙararrakin da shirin ya bi a faɗin ƙasar suka haura 200,000.

Kalmomin sashe na 307 ba su canja ba, lambar shekarar kawai aka goge aka rubuta wata. Daga 2019 zuwa 2024 farashi a Amurka ya tashi da sama da kashi 20 cikin ɗari. Miliyoyin da Kalifoniya ta mayar tsakanin 2015 da 2019 daga babban asusunta suka fito, layi ne a kasafin shekara-shekara kamar na 2008, kuma gwamnan jihar yana nan da shuɗin alƙalaminsa.